Dutsen da Sama'ilu Ya Kawo

Babanmu wanzami ne, kuma bai bar mana wata gona mai faɗi ba. Abin da ya bar mana duwatsun washi ne guda uku, waɗanda ya tsaga daga dutse ɗaya da ya haƙo a bakin wani rafi gabas da Minjibir, tun kafin kwalta ta zo. Launinsu kamar na hanta, da wani farin zare da ya ratsa su duka ukun. In ka jiƙa su ka ɗora wani kan wani, zaren nan sai ya haɗu ya zama layi ɗaya. Babbanmu Yaya Yahya ya ɗauki na sama, autanmu Sama'ilu ya ɗauki na ƙasa, ni Abdussalam da nake tsakiya aka ba ni na tsakiya, wanda ya fi su kauri.

Wanda bai san aska ba zai ce ai dutse dutse ne. To ba haka ba ne. Aska tana cin dutse kamar yadda dutse yake cin ta. Shekara guda kana wasawa, tsakiyarsa za ta yi kwari, bakin aska ya daina kwanciya daidai, sai an sake baje fuskar. Kuma ba a baje ta da duwatsu biyu. Ka goga biyu da juna, ɗaya zai yi ciki ɗaya ya yi doro, su kwanta da juna lafiya lau alhali dukansu karkatattu ne. Sai da na uku. Na farko da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na farko, haka ake zagayawa har kowanne ya miƙe. Shi ya sa Baba ya tsaga uku, ya ce duk shekara in an gama ɗaure dawa mu haɗu a zauren gidan nan mu yi guga. Bai ce don zumunci ba, shi ba mai irin wannan magana ba ne. Cewa ya yi duk wanda ya ƙi zuwa, askarsa za ta gaya masa.

Shekara arba'in da biyu ba mu taɓa fashi ba. Ko da Yaya Yahya ya rasu ba mu fasa ba. 'Ya'yansa ba wanda ya ɗauki zabira, amma matarsa Kulu ta naɗe dutsensa a tsohuwar hularsa ta sa a ƙasan akwati, ranar guga ta kawo shi da hannunta, ta zauna a bakin zaure tana zaginmu, tunda mu ƙannen miji ne. Ita ce kuma mai tare ruwan guga. Idan aka zo ƙarshe, duwatsu suna cin juna ba yashi, wani ruwa yake fita fari kamar kamu. Shi take tarewa a kasko ta shanya, garin da ya kwanta mu shafa a fatar da muke goge bakin aska.

Bana idona ya ja baya. Yanar ido ta rufe na dama, na hagun ma kamar ina kallo ta cikin hayaƙin murhu. Ban damu ba, don aski ba da ido nake yinsa ba, yatsuna sun san kan kowa a garin nan.

Ranar guga Sama'ilu ya sauka daga motar Ɗambatta da hantsi, dutsensa a naɗe cikin guntun buhu, ya sha laka gaba da baya.

Kulu ta ce, “Kai Auta, dutse ka kawo ko kwaɗo?”

Ya ce, “A jiƙaƙƙiyar ƙasa na binne shi kwana biyu, Yaya Kulu, don ya yi laushi.” Sai ya juyo gare ni. “Yaya, bana ka zauna. Bayan nan naka ba ya son sunkuyo. Ni zan goga duka.”

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina yaron nan ya girma, ga shi da furfura amma sai yau ya san yana da wa.

Ya zuba yashi da ruwa ya fara. Ƙarar ba ta yi mini ba. Duwatsunmu in ana goga su shuu suke yi, kamar mace tana tankaɗe. Wannan kuwa gurr-gurr, kamar ana niƙa tsakuwa. Na ce, “Sama'ilu, mene ne wannan?”

“Yashin bana ne, Yaya. Ruwa ya yi ƙarfi, duk ya kwashe mai laushin.”

Kafin in sake magana aka yi sallama, wai wuyan wani maƙwabcinmu ya sanƙare, yana neman ƙaho. Na ɗauki zabira na tafi. Da na dawo bayan azahar an gama, ya wanke nawa da na Yaya Yahya, nasa kuma har ya koma cikin buhu.

Na ce, “Sun kama juna?” Domin haka ake gwadawa: a haɗa fuska biyu a jiƙe, a ɗaga na sama, in na ƙasa ya biyo shi to sun miƙe.

Ya ce, “Sun kama. Sai da na sa ƙarfi na raba su.”

Ko tuwo bai tsaya ci ba, wai kada mota ta wuce shi.

Na sa dutsena a ruwan randa kwana uku kamar yadda aka saba, na fito da shi na wasa askata huɗu. Ranar Juma'a da safe limaminmu Malam Fatihu ya zo, kamar yadda yake zuwa shekara talatin. Na jiƙa masa haɓa, na ɗora aska, na ja. Sai na ji ta tirje. Ya ce, “Subhanallahi.” Na taɓa wurin, na ji ɗumi a yatsana.

Ya ce, “Ba komai, Malam Abdussalam, ƙurji ne dama a wurin.”

Babu wani ƙurji. Ni na san haɓar nan fiye da matarsa.

Na koma kan dutse na sake wasawa. Washegari na yanki wani a ƙeya. Na canza aska, na yanki wani a bayan kunne. Ina ƙara wasawa abin yana ƙara lalacewa. Aska ɗaya tana iya ɓaci, amma huɗu ba sa ɓaci rana ɗaya, don haka na san inda zan kai zargi. Na kan zauna a zaure in ɗora hannuna na dama a gwiwa in yi ta kallonsa, in ga ko yana rawa. Wani lokaci sai in ga kamar yana yi.

Cikin sati uku tabarmata ta yi sanyi. Mutanen da na yi wa askin suna, na yi wa kaciya, na yi wa askin angonci, sai in ji takunsu ya wuce ƙofata zuwa shagon mai janareta a bakin tasha. Ba su san kunnena na nan garau ba. Ina jin su a gindin dalbejiya bayan la'asar.

“Kai, wa ya sare ka haka? Faɗa ka yi?”

“Ina fa, gun Baba Audu na je.”

“Ka gode wa Allah kunnenka biyu suna nan.”

Suka kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba, jininsu ne ya zuba.

Ana cikin haka 'yata Ramlat ta sauka. Haihuwar fari ce, don haka a gidana take. Mijinta kuwa Naziru ne, ɗan Sama'ilu, auren gida muka yi. Namiji ta samu, ranar Talata, suna Talata mai zuwa. A gidanmu ba a taɓa kiran wanzamin waje ya aske jariri ba, kuma tun rasuwar Yaya Yahya ni nake yi. Kan jariri ba kan liman ba ne. Fatar kamar ta ƙwai, ga maɗiga tana bugawa a ƙarƙashin yatsa. Shekara hamsin ina wannan aiki ban taɓa fitar da ɗigon jini a kan jariri ba, kuma duk abin da nake taƙama da shi a duniya ke nan.

Laraba Sama'ilu ya zo barka. Da mutane suka watse na riƙe shi a zaure, na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba. Na ce, “Auta, hannuna ya mutu.” Na ba shi labarin liman, da na ƙeya, da na bayan kunne. Na ce ina tsoron Talata.

Sai ya kama hannun nawa da hannu biyu, ya murza shi a hankali.

Ya ce, “Yaya, shekaru ne. Kowa da ranarsa. Ka rataye zabirar nan tun da sauran mutuncinka. Askin yaron nan ka bar mini, ga reza sabuwa a takardarta, yanzu-yanzu an gama.”

Ya zaro kwalin reza daga aljihu ya nuna mini. Na ce masa Allah ya yi albarka. Na ce Allah ya ba shi masu yi masa. Har yau in na tuna na yi masa wannan addu'a sai in ji abinci ya fita raina.

Na rataye zabira a ƙusa. Alhamis da safe na ɗauki dutsena na nufi gidan Kulu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

Na ce, “Ga wannan, ki haɗa shi da na mijinki su kwanta tare. Na gama.”

Ta ce, “Au! Mijin nawa da ya rage shi ma ya tsufa? To wa zai saya mini goro? Ni fa ba na zama da rago.”

Sai ta dubi fuskata, ta ture faifan. Ta ce, “Zauna, Audu. Ni dama akwai abin da ya tsaya mini. Garin fata na bana ban kawo maka ba, ka lura?”

“Na lura. Na ce ko kin manta.”

“Ban manta ba, kunya na ji. Ruwan da na tare bana ba fari ba ne. Baƙi ne, da wani ƙyalli-ƙyalli. Na ce ko kaskon nawa ne da datti, na ɓata muku abu. Sai na ɓoye.”

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma. Na sa yatsa biyu na murza garin. Na ji ya cije ni. Garin dutsenmu in ka murza shi kamar kwalli yake, wannan kuwa haƙora gare shi. Kuma na san shi. Duk wanda ya taɓa wasa gatari ko fartanya ya san shi: garin dutsen kanti ne, baƙin nan da ake sayarwa a kasuwa kusa da masu ƙusa.

Na ɗauko dutsena na jiƙa, na kai fuskarsa kan leɓena na ja a hankali. Ga su nan, ƙwayoyi ƙanana sun nutse a jikinsa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Na gwada na Yaya Yahya, haka. Duk sanda na ɗora aska a kai, su suke tsattsage mata baki. Sati uku ina tuhumar hannuna, ko sau ɗaya ban tuhumi dutsen ba, saboda wanda ya goga shi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Kulu ta ce, “Audu, mene ne? Ka yi magana mana.”

Na ce, “Kin ga fuskar dutsen Sama'ilu ranar nan?”

Ta yi tunani. “Kullum a kife yake riƙe da shi. Da ya gama kuma bai bari na wanke ba.” Sai ta dafe ƙirji. “Innalillahi. Auta?”

Ban koma gida ba, tasha na wuce. La'asar ta yi mini a Ɗambatta. Na same shi a rumfarsa yana yi wa wani mai awon hatsi gyaran fuska da reza. Na jira ya sallame shi.

“Yaya! Lafiya? Mai jego ce?”

“Mai jego lafiyarta ƙalau. Kawo dutsenka.”

“Yana gida.”

“Mu je gidan.”

Bai motsa ba. Na sa ƙafa na taɓa guntun buhun da ke ƙarƙashin bencinsa, na ji nauyi. Na sunkuya na ɗauko, na ɗauki butarsa na zuba ruwa. Ruwan ya shige kamar an zuba a toka. Na kai shi dab da idona na hagu. Baƙi ne wuluk, ba zare ba alamarsa.

Na ce, “Ina na Baba?”

Ya zauna a kan bencin. Ya ce wani mai shagon aski ne daga Rijiyar Zaki, irin shagon nan mai gilashi da fanka, ya yi ta zarya tun bara, wai yana son dutsen gargajiya ya riƙa nuna wa 'yan jami'a. Da damina ya sallama masa. Ya ce, “Yaya, ni shekara uku rabona da wasa aska. Mutanen nan reza suke so, kowa da tasa, a ɓare a gabansa. Dutsen yana nan ajiye ba ya yi mini komai.”

Na ce, “Ban tambaye ka don me ka sayar ba. Naka ne. Da ka zo ka ce, Yaya na sayar, da na zage ka, Kulu ta ɗora nata, mu ci tuwo mu san abin yi. Amma ka shafa wa dutsen gatari laka ka kawo zauren Baba. Ka ce a ranka, ai idonsa ba ya gani.”

“Wallahi tsoronka na ji. Na zaci guga ɗaya ba za ta yi komai ba.”

“Kai wanzami ne, ko ɗan wanzami ne kawai? To na ji, ka zaci. Jiya fa? Jiya da na ce maka aska huɗu sun ƙi, ba ka gane ba?”

Ya sunkuyar da kai. “Na gane.”

“Ka gane. Ka kama hannuna ka murza, ka ce mini shekaru ne.”

“Bakina ne ya yi nauyi, Yaya. Na ce in ka huta shi ke nan, maganar ta mutu, ba wanda zai sani.”

Na ce, “Ni ne zan mutu, maganar ta rayu a aljihunka tare da reza.”

Na ajiye masa dutsensa a kan benci a hankali, don ba na jifa da kayan mutane. Ya biyo ni har tasha yana Yaya, Yaya. Ban waiwaya ba.

A mota na yi ta lissafin kwana. Saura huɗu. Dole a cinye fuskar duwatsun nan biyu har a wuce inda ƙwayoyin suka nutse, sannan a miƙar da su, kuma ba a miƙarwa sai da na uku. Bayansu ba zai zama na uku ba, don dutse ba ya goga kansa. Rafin da Baba ya haƙo su ma babu, masu tifa sun kwashe shi, an yi gidaje a kai. Na Rijiyar Zaki kuwa ko an ba ni ba na so, don na san masu shago, mai suke zuba wa dutse, kuma dutsenmu in ya sha mai ya gama. Abu ɗaya ya rage: in tsaga nawa gida biyu.

Bayan sallar Juma'a na shimfiɗa yashi a zaure, na kafa dutsena a kai, a tsaye bisa gefensa. Kulu ta zo ta zauna, yau ba a bakin ƙofa ba, a gabana.

Ta ce, “In ya tarwatse fa?”

“In ya tarwatse Sama'ilu ya yi askin da rezarsa.”

“To Allah ya tsine wa tarwatsewa. Ba ni in riƙe.”

Dutsen nan hawa-hawa Allah ya yi shi, kamar an jera fatu. Na ɗauki guntun zarto na fara jan layi a gefensa ina zagayawa, ita tana zame mini ido. “Hagu kaɗan. Ka hau sama, makaho, sauko. Yawwa.” Sai da layin ya zagaye ya haɗu, ya yi zurfin da farce zai shiga. Na sa bakin tsohuwar ƙusa a ciki, na yi bisimilla, na fara ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, kaɗan a nan, in matsa, kaɗan a can, yadda na ga Baba ya yi ina ɗan shekara goma sha biyu. Zagaye na huɗu ƙarar ta canza, ta zama kamar ta fasasshiyar tukunya. Na ƙara ɗaya. Ya buɗe. Kusurwa guda ta gutsure ta faɗi, amma ya buɗe biyu, ɗaya kaurin yatsa biyu, ɗaya bai fi yatsa ɗaya ba.

Kulu ta ce, “Alhamdulillahi,” sai na ji tana jan hanci. Na ce ko kuka take, ta ce ƙurar dutse ce, in kula da aikina.

Daga nan sai guga. Mun fara da yashi mai tsauri, muna zubar da ruwan nesa, muna wanke hannu da tabarma duk zagaye, kada ƙwaya ɗaya ta baƙin nan ta dawo. Asabar gaba ɗaya a nan ta tafi. Kafaɗata ta mutu, Kulu ta karɓa, tata ta mutu, na karɓa. Tsofaffi biyu suna nishi a zaure, mata masu zuwa barka suna wucewa suna tambaya ko niƙa muke. Lahadi muka koma yashin da aka tankaɗe da rariya, sannan wanda aka tace da ɗankwali. Duk zagaye sai in ja layuka da gawayi a fuskar kowanne, mu goga, ita ta duba.

“Saura a tsakiya.”

Mu ƙara.

“Saura a gefen da ya gutsure.”

Mu ƙara.

Litinin da safe muka sa tokar kara, daga nan muka bar duwatsun su kaɗai da ruwa. Sai na ji ta, ƙarar nan, shuu, shuu. Kulu ta tara kasko ta ce, “Fari ne, Audu. Fari tas.” Na haɗa biyu na ɗaga na sama, na ƙasa ya biyo shi. Na gwada kowanne da kowanne da hannuna, ban tambayi kowa ba.

Kwana uku ya kamata su yi a randa, ban da su. Na ba su rabin yini. Da la'asar na sauke zabira daga ƙusa, na zaɓi ƙaramar askar da nake yi wa jarirai, na yi ta bi da ita har tsagar bakin ta fita, na goge a fata da sabon gari. Na saki audugar rimi a kan bakinta, ta rabu biyu ba tare da na ja ba. Amma auduga ba ta da jini. Na aika a kira mini Malam Fatihu.

Ya zo ya ce, “Aski ranar Litinin da yamma?”

Na ce, “Ara mini haɓarka, Malam.”

Ya dubi askar, ya dube ni. Ya cire hula ya zauna, ya ce, “To bisimilla. Amma ka tuna layya da saura.”

Na ja daga kunne zuwa haɓa. Ba ta yi ko ƙara ba. Da na gama ya shafa fuska ya shafa, ya ce, “Ikon Allah. Hannun ya dawo.”

Na ce, “Ba inda ya je.”

Talata da safe aka raɗa suna Muhammad Auwal, aka yanka ragon da Sama'ilu ya kawo. Da hantsi Kulu ta fito da yaron ta zauna a soron ciki ta ɗora shi a cinya. Na durƙusa na buɗe zabira. Na ji mutum ya tsaya a kaina, na ji ƙarar takardar reza.

Ya ce ƙasa-ƙasa, “Yaya, ko da za a buƙata.”

Kulu ta ce, “Auta, matsa, ka tare mana haske.”

Na jiƙa kan da ruwan ɗumi. Na sa babban yatsa na ja fatar kaɗan, na fara daga goshi. Gashin yana sauka a tafin Kulu kamar baƙar auduga. Da na zo maɗiga na ji tana bugawa a ƙarƙashin yatsana, na riƙe numfashi, na bi ta kanta sau ɗaya. Na zagaya bayan kunne, na sauka ƙeya. Yaron ko farkawa bai yi ba. Na shafa kan gaba da baya, na kai yatsuna kusa da ido, na shinshina. Ruwa ne kawai.

Kulu ta ɗaga shi ta nuna wa mata, aka rangaɗa guɗa. Daga zaure na ji muryar ɗaya daga cikin 'yan gindin dalbejiya yana cewa, “Tubarkalla, Baba Audu sai kai,” kamar ba shi ya yi maganar kunne ba.

Da yamma baƙi sun ragu, ina naɗe duwatsun, Sama'ilu ya shigo ya tsuguna daga nesa. Ban gaya wa kowa abin da ya yi ba, har ɗansa Naziru, kuma na san Kulu ba za ta faɗa ba sai dai ta yi ta jifansa da magana har ya mutu.

Ya ce, “Yaya, ka yafe mini.”

Na ce, “Dutsen na yafe.”

Ya jira ko zan ƙara. Sannan ya ce, “Baɗi in an ɗaure dawa, in zo in kama muku gugar? Ƙarfina dai yana nan.”

Na ce, “Ka zo suna, ka zo biki, in na mutu ka zo ka ɗauke ni. Ranar guga kuwa uku muke buƙata, kuma sun cika.”

Na miƙa wa Kulu na mijinta da siririn, ta sa su a hula ɗaya. Ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi ya nemi takalmansa.

Yanzu tabarmata ta koma yadda take. Amma dutsen da nake wasawa a kai rabi ne. Da, in na ɗora shi a tafin hannu sai ya cika mini hannu, yanzu yatsuna suna haɗuwa ta bayansa, kuma kowace guga za ta ƙara cinsa. Siririn ba zai wuce shekara biyar ba. Jiya Malam Fatihu yana zaune a gabana ya ce ya ga Sama'ilu a kasuwar Ɗambatta, wai yana gaishe ni, yana tambaya ya hannun.

Na ce, “Ɗaga haɓa, Malam.”